KWAL DA ƘARFIN ƘASA: Bayani Domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan takarda ne a Kaduna domin hakimai da malamansu, saboda maganar kwal ta sake tasowa a ƙasar nan. Dalili kuwa uku ne. Na farko, wutar lantarki ba ta wadaci birane ba, balle ƙauyuka. Na biyu, itacen girki da gawayi suna cinye dazuzzuka. Na uku, baƙi suna shiga gundumomi da takardu a hannu, suna neman izinin tona ƙasa. Hakimi shi ne talakawa ke fara tambaya, malaminsa kuma shi ne ke riƙe da alƙalami ranar da za a sa hannu. Saboda haka ya kamata su san ko mene ne kwal, da aikin da ya yi wa ƙasar nan a da, da abin da ya karya kasuwarsa, da kuma abin da doka ta ce game da haƙarsa a yau.

MENE NE KWAL

Da farko sai a rarrabe kwal da gawayi, domin mutane da yawa suna gama su. Gawayi itace ne da aka sare bana, aka turara shi cikin rami aka rufe da ƙasa, bayan 'yan kwanaki aka kwashe. Kwal kuwa dutse ne baƙi wanda ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. Asalinsa itatuwa ne da ciyayi na fadamu, waɗanda suka ruɓe tun shekaru miliyoyi da suka wuce, laka da yashi suka binne su, nauyin ƙasa da zafinta suka matse su har suka sandare. Wanda ya yi gawayi ya rage daji. Wanda ya haƙi kwal bai sare itace ba, amma ya ɗebi abin da ba ya sake tsirowa.

Kwal iri iri ne. Akwai ɗanye mai launin ƙasa ƙasa, mai ruwa a jiki, wanda wutarsa ba ta da ƙarfi sosai. Akwai matsakaici. Akwai kuma mai ƙarfi wanda ake gasawa a narka baƙin ƙarfe da shi. Yawancin kwal ɗin Nijeriya matsakaici ne. Yana kama wuta da sauri, ya dace da tukunyar jirgin ƙasa da ta injin lantarki da murhun siminti, amma bai dace da narka ƙarfe ba. Irin na narka ƙarfen an same shi a yankin Lafiya da Obi, cikin Jihar Nasarawa.

Yadda kwal ke aiki ba wani abu ne mai wuya ba. Ana ƙona shi a ƙarƙashin babbar tukunyar ƙarfe cike da ruwa. In ruwan ya tafasa sai ya zama tururi, tururin ya nemi hanyar fita, kamar yadda yakan ɗaga murfin tukunyar mai dafa wake. Sai a tsare masa hanya, a bi da shi ta bututu. In a jirgin ƙasa ne ya tura sandunan da ke juya ƙafafun jirgin. In a gidan wuta ne ya juya farfela, farfelar ta juya injin da ke haifar da lantarki. Ana auna kwal da tan, tan ɗaya kuwa ya yi kusan nauyin buhun siminti 20.

YADDA AKA SAMO SHI A NIJERIYA

Sa'ad da aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Ikko, duk kwal ɗin da jiragen ke ci daga Ingila ake kawo shi ta teku, da tsada mai yawa. A shekarar 1909 wani masanin duwatsu, Albert Kitson, ya ga kwal a tsaunukan Udi, kusa da inda garin Inugu yake yanzu. Gwamnatin Turawa ta ga ba amfanin kwal sai da hanyar fitar da shi. Domin haka aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, aka ja hanyar jirgin ƙasa daga can zuwa Inugu, wajen mil 150, aka gama a 1916. Yaƙin Duniya na Farko ya ƙara hanzarta aikin, domin kwal ɗin Ingila ya yi wuyar samuwa. A 1917 aka buɗe ramin Kwarin Iva. Garin Inugu kansa sansanin mahaƙa ne da ya girma, kwal ne ya haife shi.

Gwamnati ce ta mallaki ramukan tun daga farko, ba 'yan kasuwa ba. A 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Nijeriya, aka damƙa mata haƙa da sayarwa ita kaɗai. Manyan masu saye su ne Reluwe, da gidajen wutar lantarki, da jiragen ruwa na Gwamnati, da masu haƙar kuza a Jos. Har Reluwen ƙasar Gana, lokacin ana ce da ita Gwalkwas, ta sha sayen kwal ɗin Inugu. A 1957 aka buɗe gidan siminti na Nkalagu, shi ma ya zama babban mai saye. Haƙa ta kai ƙololuwarta a 1958 zuwa 1959, lokacin da aka fitar da tan wajen 900,000 cikin shekara guda. In da za a loda shi a manyan motoci masu ɗaukar tan 30, da sai an nemi mota 30,000.

KWAL DA KAFUWAR KADUNA

Kaduna ba ta da ramin kwal, amma ba za a iya ba da tarihinta ba tare da ambaton kwal ba. Hanyar jirgi daga Baro ta isa Kano a 1911, a 1912 kuma aka haɗa ta da ta Ikko a Minna. Inda hanyar ta ƙetare Kogin Kaduna, nan Gwamna Lugga ya zaɓa ya zama mazaunin mulkin Arewa maimakon Zungeru, saboda ga ruwa, ga fili, ga jirgi. A 1917 aka kammala ƙaura. An kafa ofisoshin Gwamnati da barikin soja da gidajen ma'aikata a arewacin kogin. Babbar mahaɗar jirgi tana kudancinsa, a arewa kuma aka yi tashar da ake kira Kaduna ta Arewa. Duk takardar da aka aika wa Razdan a Sakkwato ko Barno, duk kwanon rufi da siminti da aka gina ofisoshin da su, duk sarkin da ya zo taron Majalisar Sarakuna ta jirgi, tururin kwal ne ya jawo su.

Da fari hanyar da kwal ke bi kafin ya iso Arewa doguwa ce ƙwarai. A loda shi a Inugu, a kai Fatakwal, a zuba a jirgin ruwa zuwa Ikko, sa'an nan a sake lodawa a taragu a nufo Arewa. Daga baya aka ci gaba da hanyar Gabas. Ta isa Makurɗi a 1924, ta biyo ta Kafanchan ta haɗu da ta Ikko a Kaduna, kafin ƙarshen 1927 kuma reshenta ya isa Jos. A Makurɗi fiton taragu ake yi a kan Binuwai, har aka buɗe babbar gada a 1932. Tun daga nan kwal ya riƙa zuwa Kaduna kai tsaye, tafiyar da ta ɗara mil 400, daga Kaduna kuma a rarraba shi zuwa Zariya da Kano da sauran tashoshi inda jirage ke shan ruwa su ɗauki kwal.

A lura da abin da wannan ya jawo wa manomin Arewa. Gyaɗar Kano da Katsina, da audugar Funtuwa da Gusau, da fatu da ƙiraga, da kuzar Jos, ba su da daraja a kasuwar duniya sai sun isa bakin teku. Tsakanin Kano da Ikko mil 700 ne, jaki ko raƙumi ba su iya wannan aiki. Reshen Ƙaura Namoda da aka gama a 1929, da na Nguru a 1930, su ne suka sa noman sayarwa ya bazu a waɗannan ƙasashe. Kuɗin gyaɗar da talaka ya biya haraji da shi, wanda ya shiga baitulmalin En'e aka biya albashin hakimai da malamai, aka gina makarantu da asibitoci, ya rataya ne a kan jirgi, jirgi kuma ya rataya a kan kwal. In aikin ramin Inugu ya tsaya, ko taragu suka yi ƙaranci, sai dalar gyaɗa ta daɗe a tsaye a Kano, ƙwari su shiga buhuna.

KWAL DA WUTAR LANTARKI

Ikko ce ta fara samun lantarki tun kafin 1900. Kaduna ta samu nata a 1929. A wancan zamani ko wane gari da injinsa, ba wayar da ta haɗa wani gari da wani. Wasu Ma'aikatar Ayyuka ke kula da su, wasu kuma En'e. A 1950 aka yi dokar kafa Hukumar Lantarki ta Nijeriya, wadda aka fi sani da E.C.N., ta karɓi waɗannan gidajen wuta. Manyan gidajenta masu cin kwal su ne na Ijora a Ikko, da na Kogin Oji kusa da Inugu wanda aka buɗe a 1956. A kan tudun Jos kuwa kamfanin Nesko ya riga ya fara samar da wuta da ƙarfin ruwa a gangaren Kurra domin masu haƙar kuza.

Ga Arewa matsalar kwal ita ce nisa. Kafin tan guda ya iso Kaduna ko Kano, kuɗin dakonsa ya hau kan kuɗin haƙarsa, ga shi kuma yana cin gurbin taragun da wasu kaya ke jira. Da masana'antu suka fara yawa, musamman bayan an buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, sai bukatar wuta ta fi ƙarfin ƙananan injuna. Wannan yana cikin abin da ya sa hankalin Gwamnati ya koma ga Kogin Kwara.

MUTANEN DA KE CIKIN RAMI

Ba daidai ba ne a lissafa tan a manta da mutanen da suka haƙo shi. Mahaƙin Inugu yakan shiga rami ta gefen tsauni, ya yi tafiya mai nisa cikin duhu da fitila, ya yi sara da diga a sunkuye cikin zafi da ƙura, wasu kuma su tura taragun da ya cika. Rufin rami yana iya ruftawa, ruwa yana iya ɓallowa, ƙurar kwal kuwa tana taruwa a huhu, ta bar mutum da tari da haki har ƙarshen ransa.

A watan Nuwamba 1949 ma'aikatan ramin suka shiga jan ƙafa wajen aiki, saboda rikicin albashi da bashin da suka ce suna bin hukuma. Gwamnati ta ji tsoron kada nakiyar fasa dutse da ke ajiye a wurin ta faɗa hannun 'yan siyasa, sai ta tura 'yan sanda su kwashe ta. Ran 18 ga Nuwamba, a Kwarin Iva, 'yan sanda suka buɗe wuta, suka kashe mahaƙa 21, suka yi wa 51 rauni. Tarzoma ta tashi a Aba da Fatakwal da Anaca da Kalaba. Aka naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Fitzgerald, wanda ya ga laifin yadda aka tafiyar da al'amarin. Wannan kisa ya haɗa kan 'yan kishin ƙasa, ya ƙara wa neman mulkin kai ƙarfi. Darasin da ke ciki ga mai riƙe da jama'a shi ne, kukan ma'aikaci in an saurare shi tun yana ƙarami, ba ya kaiwa ga zubar da jini.

ABIN DA YA KARYA KASUWAR KWAL

Abu huɗu ne suka taru a kan kwal cikin shekara goma sha biyar.

Na farko, man dizal. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta fara sauya jiragen tururi da masu cin dizal. Mai dizal ba ya tsayawa shan ruwa a ko wace tasha, ba ya bukatar mai zuba kwal, ba a kwana ana hura masa wuta. Babban mai sayen kwal ke nan ya fara ja da baya.

Na biyu, man fetur. An same shi a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958. Tare da shi aka sami iskar gas, wadda ta fi kwal sauƙin ƙonawa a gidan wuta.

Na uku, ruwa. A 1962 aka kafa Hukumar Madatsun Kwara, aka gina madatsar Kainji, aka gama a 1968. Daga can aka ja manyan wayoyi zuwa Kaduna da Kano da Ikko. A 1972 aka haɗa wannan hukuma da E.C.N. suka zama NEPA. Daga baya aka ƙara madatsar Jebba a 1985, da ta Shiroro a 1990. Ita Shiroro a kan Kogin Kaduna take, tana da ƙarfin megawat 600. Watau ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Kaduna shi ne ke zuwa ya juya injuna a Shiroro, wutar ta dawo ta waya zuwa babbar tashar rarrabawa da ke Mando.

Na huɗu, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. An bar ramukan Inugu, ruwa ya cika su, injuna suka lalace. A lokacin yaƙin ne aka buɗe ramin Okaba a ƙasar Igala, cikin tsohuwar Jihar Arewa, domin a sami kwal a ɓangaren Tarayya. Bayan yaƙi aka farfaɗo da ramukan Inugu, amma haƙa ba ta sake kaiwa ko rabin ta 1958 ba. Masu saye sun riga sun sami wata hanya. A 1999 Gwamnati ta buɗe wa kamfanoni ƙofar haƙar kwal, ba da daɗewa ba kuma Hukumar Kwal ta daina haƙa.

INDA AKE A YAU

A yau wutar da ke bin manyan wayoyin ƙasa, kimanin kashi uku cikin huɗu ko fiye daga iskar gas take, ragowar kusan duka daga madatsun ruwa. Kwal ba shi da wani rabo a ciki. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mai tsayawa a Rigasa, dizal yake ci. Duk da haka kwal bai ƙare a ƙasa ba. Ƙididdigar Gwamnati ta nuna wanda aka tabbatar ya ɗara tan miliyan 600, wanda ake zato kuma ya ninka haka. Yana nan a jihohin Inugu da Kogi da Binuwai da Nasarawa da Gombe da wasunsu.

Masu cinsa yanzu gidajen siminti ne. Gidan siminti na Ashaka yana haƙar kwal a Maiganga, cikin Ƙaramar Hukumar Akko ta Jihar Gombe, gidajen Obajana da Gboko kuma suna ƙona kwal ɗin ƙasar Kogi. Irin wannan haƙa ba ta rami mai zurfi ba ce. Ana yaye ƙasar sama ne da manyan injuna, a kwashe kwal a fili. Ta fi sauƙi ga ma'aikaci, amma ta fi cin gonaki. A Maiganga sai da aka tashi ƙauyen aka sake masa matsuguni, mazaunan kuma sun sha kai kuka a kan ruwan sha da ƙura.

Maƙwabciyar ƙasa Nijar ta bi wata hanya dabam. A 1975 ta kafa kamfanin Sonichar, wanda ke haƙar kwal a Anu Araren kusa da Cirozerin a yankin Agadas. Maimakon a yi dakon kwal, sai aka gina gidan wuta a bakin ramin, aka ja waya zuwa mahaƙun yuraniyam na Arlit da kuma birnin Agadas. Dabarar ita ce, dakon wuta ta waya ya fi dakon dutse a tarago arha. Haka nan a Nijar ana gasa kwal a rage masa hayaƙi, a sayar wa mata domin girki, don a sassauta wa daji.

HALIN DUNIYA

Har yanzu kwal ne ke ba da kimanin kashi ɗaya cikin uku na lantarkin duniya. Ƙasar Sin ita kaɗai tana ƙona fiye da rabin kwal ɗin da ake ƙonawa a duniya duka, Indiya na bi mata. A Afirka ta Kudu mafi yawan wuta daga kwal take. Amma Ingila, inda aka fara aiki da injin tururi, ta rufe gidan wutarta na ƙarshe mai cin kwal a watan Satumba 2024. Dalili shi ne hayaƙin kwal ya fi na dizal da na gas cika sararin sama da iskar da ke riƙe zafi, wadda masana suka tabbatar tana sauya yanayin damina da rani. A 2015 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a Faris domin rage wannan hayaƙi, Nijeriya na cikin masu sa hannu. A 2021, a taron Gilasgo, Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗauki alkawarin Nijeriya za ta daidaita hayaƙinta kafin 2060. Sakamakon haka manyan bankunan duniya da yawa sun daina ba da rancen gina gidan wuta mai cin kwal.

Masu goyon bayan kwal suna cewa arzikin ƙasa ne, ba ya jiran damina kamar madatsa, ba a fasa shi kamar bututun gas, yana kuma ba mutane aiki. Masu suka suna cewa yana ɓata ruwa da gona da iska, ga hasken rana kuwa da Allah ya wadata Arewa da shi, farantansa suna ta araha. Ko wane ɓangare yana da hujja. Yanke shawara a kan gidan wuta aikin Gwamnati ne, kuma tun da aka yi Dokar Lantarki ta 2023 jihohi ma suna da ikon shirya nasu. Abin da ke hannun hakimi shi ne ƙasa da mutanen da ke zaune a kanta.

ABIN DA YA SHAFI HAKIMI DA MALAMINSA

1. Ma'adinai duka na Gwamnatin Tarayya ne. Haka Tsarin Mulki na 1999 ya ce, haka kuma Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007. Hakimi ko dagaci ko mai gona ba su da ikon sayar wa kowa abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai na Tarayya yake fitowa.

2. Lasisi iri iri ne. Na bincike dabam, na haƙa dabam. Mai takardar bincike ba shi da izinin buɗe rami ya riƙa lodin mota yana sayarwa. Malamin hakimi ya karanta takardar da kansa, ya rubuta lambarta da irinta da iyakar filin da ta ambata da ranar ƙarewarta a littafin gunduma, sa'an nan a aika wa Majalisar Masarauta da Ƙaramar Hukuma domin a tabbatar.

3. Doka ta nemi yardar mai ƙasa ko mazauninta kafin a ba da lasisi a kan filinsa. Takardar yarda ba ƙaramin abu ba ce. Kada a sa mata hannu a ɗaki, ko a madadin mutanen da ba a tambaya ba. A tara masu gonaki da masu unguwanni da ardon Fulani, a karanta musu da Hausa, a rubuta sunayen waɗanda suka halarta.

4. Mai haƙa wajibi ne ya biya diyyar amfanin gona da itatuwa masu amfani da gine-gine. Kafin injin ya shigo, a ƙirga ko wace gona da ɗorawa da kaɗanya da mangwaro da rijiya, a rubuta. Abin da ba a rubuta ba, ranar gardama ba shi da shaida.

5. Kafin a fara babbar haƙa, doka ta wajabta wa kamfani ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da jama'ar wurin, ana kuma sake duba ta duk shekara biyar. A nemi a faɗi ko wane aiki da sunansa da ranar gama shi, ko rijiyar burtsatse ce, ko aji, ko ɗakin shan magani, ko ɗaukar samari aiki. A kuma rubuta wanda zai cike ramin in an tashi. Maƙabarta da wuraren da jama'a ke girmamawa doka ta kare su. Burtali da mashaya kuwa a tsaya a kansu tun wajen shata iyaka.

6. Birnin Kaduna da Zariya da yawancin ƙasar Zazzau a kan tsohon dutse mai tauri suke zaune, irin na Kufena. Kwal kuwa a ƙasa mai shimfiɗar yashi da laka ake samunsa, kamar kwarin Binuwai da na Gongola. Saboda haka wanda ya zo da baƙin dutse yana neman jama'a su tara kuɗi a haƙi kwal a irin wannan wuri, a yi hattara da shi, a tura samfurin ga Hukumar Binciken Duwatsu ta Nijeriya tukuna.

7. Haƙar ɓoye tana kisa. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a Jihar Zamfara. Ba kwal ba ne, amma hanyar ɗaya ce, watau tona ƙasa ba ilimi ba izini. Hakimi ya hana sa yara a rami, ya hana wanke dutse a mashayar mutane da dabbobi, ya kai rahoto da wuri.

8. Kwal da gawayi in suna ci a ɗaki rufaffe suna fitar da iska mai guba, marar wari marar launi, wadda ke kashe mai barci. Da shigowar hunturu a sa masu unguwanni da limamai su yi ta faɗakarwa, kada a kwana da kaskon wuta a ɗakin da aka toshe.

9. Malamin hakimi ya riƙa rubuta yawan motocin itace da gawayi da ke fita daga gunduma zuwa Kaduna da sauran birane, da dajin da ake sara. Da irin wannan lissafi ne ma'aikatan gandun daji da Gwamnati za su san inda za a fara kai ɗauki, ko na dashen itatuwa, ko na murhu mai tsimin itace, ko na gas.

KAMMALAWA

Kwal ya yi wa ƙasar nan aiki wajen shekara hamsin. Shi ya ja jirgin da ya raya Kaduna, ya kai gyaɗa da auduga bakin teku, ya haskaka manyan birane. Da aka sami abin da ya fi shi sauƙi aka bar shi, garuruwan da suka dogara gare shi kuma suka sha wahala. Mai haƙa yakan zo ya tafi, amma gona da rijiya da jama'a suna nan, hakimi kuma shi za a tambaya. Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan takarda a gaban dagatai da masu unguwanni, malamai kuma su ajiye kwafinta tare da littafin gunduma. Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.